Kafin Tsamiya Ta Jiƙu

Ni ce mai ɗaura wa mutane abin awo a dantse a Shika,
in matsa roba, in kasa kunne
jininsu na ƙwanƙwasa ƙofa.
Ranar Laraba na ɗaura wa kaina.
Allura ta hau, ta hau, ta tsaya
daidai inda nake ce wa wasu,
"Baba, a rage tunani."

Kwana tara barci na zuwa bakin gadona,
ya leƙa ni, ya juya.
Kafaɗuna sun tare a gindin kunne.
Cokali ya faɗi a kicin,
gabana ya riga shi isa ƙasa.

Likitan sashenmu ya ce jiki na da wani ruwa
da yake zuba wa jini in an ga kura,
don ƙafa ta samu gudu.
"Naki famfon ne ya ƙi rufuwa,
ga shi babu kura."
Na ce akwai:
kuɗin haya, aikin dare, gado talatin, mu biyu.

Na hau bas. Kwangila ta riƙe mu
har mai rake ya sayar mana sau biyu.
Na sauka Gyallesu, gidan Gwaggo Tasalla,
inda ƙofar langa-langa ke gaishe ka kafin masu gida.

Ba ta tambaye ni komai ba.
Ta karɓi wayata, ta tura cikin buhun gero,
ta ce, "Ta yi kiwo a nan."
Ta ɓare tsamiya, ta zuba ruwan ɗumi,
ta kife faifai a kan ƙwarya.

Na ce, "Minti nawa?"
Ta ce, "Sai ta jiƙu."

Ta miƙo mini taɓarya.
Citta ɓari uku, kanumfari bakwai,
masoro biyu, kar ya yi faɗa.
Na daka kamar mai bin bashi.
Ta ce, "A hankali, 'yar nan,
turmin bai ci miki komai ba."

Na'a-na'arta na cikin fasasshen bokiti bayan randa,
tana shan abin da ya zube daga alwala.
Na tsinko. Hannuna ya yi ƙamshi.
Rabon da hannuna ya yi ƙamshin wani abu
ban da sabulun asibiti
na manta.

Muka zauna.
Kaza ta zo ta duba mu, ta wuce.
Inuwar gwanda ta matsa taku ɗaya.
Can na ji bakina yana ba da labarin
yaron gado na sha huɗu,
wanda na juya ɗauko ruwa
na dawo na tarar an ja masa zane.
Ban taɓa faɗa wa kowa ba.
Gwaggo ta bar ni na yi kukan har ƙarshensa,
tana tace tsamiya da rariya.

Zuma cokali ɗaya.
Tsami ya fara isowa, yaji ya biyo,
zaƙi ya zo a makare kamar albashi.
Na sha, na miƙe a tabarma,
sai kiran la'asar na ji daga nesa,
kamar a garin wasu.

Da zan tafi ta ce,
"Ƙwayar likitanki kar ki bari.
Ni tsamiya kawai na sani."

A gida na haɗa komai yadda ta yi,
a injin markaɗe, minti biyar,
a tsaye, waya maƙale a kafaɗa.
Ɗanɗanon bai canza ba.
Barci ya leƙo, ya juya.

Jiya na sayi turmi a kasuwar Tudun Wada,
ƙarami, mai tsaga a baki.
Gero ne ban da shi.
Na sa wayar cikin garin tuwo.